Yini ɗaya tak a Dablin da yara uku: ina za mu kai su, me za mu bari?

Maman Khalil, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da yayye da ƙanne da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya, kuma damina tana tafiya yadda ake so.

Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san ƙasar Ayilan. Maigidana likita ne, shekararsa biyu ke nan yana aiki a wani asibiti da ke wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, kuma bana Allah ya nufa ni da yaranmu uku mun samu biza, za mu je mu yi dogon hutu a wurinsa daga farkon watan Agusta. Babban, Khalil, shekararsa 11, mai bi masa mace ce 'yar shekara 7, sai auta ɗan shekara 3. Saboda yanayin aikin mahaifinsu, yini ɗaya kawai ya samu wanda zai fita da mu zuwa Dablin, babban birnin ƙasar. Ya ce jirgin ƙasa zai sauke mu a tashar Heuston wajen ƙarfe tara da rabi na safe, kuma yana so mu kamo hanyar komawa da ƙarfe bakwai na yamma, domin washegari yana da aiki. Shi kansa bai san birnin ba, in ban da filin jirgin sama da wani ofishi da ya taɓa zuwa kan takardunsa, shi ya sa ya bar mini tsarin.

Na zauna da Khalil mun duba intanet, mun rubuta wurare takwas: gidan zu, gandun Phoenix inda aka ce akwai bareyi, jami'ar Trinity da tsohon littafin da ke cikinta, tsohuwar fadar Dablin, dogon ƙarfen nan mai kama da allura, gidan tarihin kamfanin Guinness wanda na ga kowane shafi yana sa shi a gaba, gidan tarihi na ƙasa, da kuma wani gari na bakin teku mai suna Howth, domin yaran ba su taɓa ganin teku ba. Da wanne ya kamata mu fara, kuma da wanne za mu ƙare? A ina za mu yi sallar azahar da la'asar? Yaya batun abincin halal ga yara masu tsirfar ci? Sannan wane irin kaya zan ɗinka ko in saya tun daga nan, tunda an ce lokacin zafinsu ne? Khalil ya riga ya gaya wa 'yan ajinsu duka wuraren nan takwas, saboda haka ba na so yinin ya lalace a hannuna.

Baban Yusra, ɗan Argungu mazaunin Dablin

Wa alaikumus salam, Maman Khalil. Allah ya kawo ku lafiya. Shekarata tara a wannan birni, kuma na sha zagayawa da baƙi daga gida, saboda haka ki yi haƙuri da abin da zan fara faɗa: wannan jeri naki aikin kwana uku ne ga babban mutum mai ƙarfin ƙafa, balle iyali mai ɗan shekara uku. A taswira birnin kamar ƙarami ne, amma kusan duk yawon tsakiyarsa a ƙafa ake yi, kuma kowace tsayuwa da yara, ko ta banɗaki ce ko ta ɗaure igiyar takalmi, sai ta ci minti goma. Daga tara da rabi zuwa bakwai, in kin cire cin abinci da salla da hanya, abin da zai rage muku bai fi sa'a biyar ba.

Bari in fara da waɗanda za ki soke. Gidan Guinness tarihin giya ne tun daga hawa na ƙasa har na sama, inda ake rufe ziyarar da miƙa wa manya kofi, don haka babu abin da zai kai ki can da yara. Jami'ar Trinity tsohuwa ce ƙwarai, tun 1592 aka kafa ta, kuma littafin da kika karanta labarinsa Linjila ce da aka rubuta da Latin wajen shekara ta 800, amma sai an biya kuɗi mai kauri an bi layi, sannan a shiga ɗaki mai duhu-duhu a ga shafi biyu a buɗe cikin gilashi. Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta yi miki godiya ba. Allurar kuwa, wadda aka kafa a 2003 a titin O'Connell, tsawonta mita 120, ba shiga ake yi ba kuma ba hawa ake yi ba, za ku hango ta daga nesa kuna cikin tafiya, Khalil ya ɗauki hoto ya cika alƙawarinsa. Howth wuri ne mai daɗi, tafiyar kusan rabin sa'a a jirgin ƙasa na DART daga tsakiyar gari, sai dai yini guda yake so shi kaɗai.

Abin da Allah ya taimake ku da shi shi ne tashar da za ku sauka. Daga Heuston, in kun ƙetare kogin Liffey, tafiyar minti goma ce zuwa ƙofar gandun Phoenix, sannan wasu minti goma ko sha biyar zuwa gidan zu, wanda yake cikin gandun. Shi wannan gandu ya haura hekta 700, tun 1662 aka killace shi domin farautar sarakuna, jikokin bareyin wancan zamani ne suke yawo a ciki har yau, kuma a cikinsa gidan shugaban ƙasa yake. To amma kada ki yi wa yara alƙawarin ganin bareyin, domin yawanci can cikin gandun suke kiwo, nesa da zu, kuma ko an gan su an hana a ba su abinci ko a matsa kusa da su. Zu ɗin an buɗe shi a 1831, yana cikin mafi tsufa a duniya, kuma shi ne wuri ɗaya a jerinki da zai gamsar da yaran uku a lokaci guda. Ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ku ware masa sa'a uku zuwa huɗu, ku kuma shiga da abincinku, domin an yarda a zauna a ci, kuma na ciki yana da tsada. Lallai ku zo da keken tura yaro ko da auta yana gardamar cewa shi babba ne. Kafin azahar zai nemi a ɗauke shi.

Game da sufuri, maigidanki ya nemi katin Leap tun daga garin da yake, a zuba masa kuɗi, domin da shi ake shiga bas da jirgin DART da kuma Luas, wato taragon lantarki da ke bin titi, wanda jan layinsa yake tsayawa daidai ƙofar Heuston. Wanda ba shi da kati, bas ba ta karɓar kuɗin takarda, sai tsaba, kuma direba ba ya ba da canji. In za ku shiga tasi, ku tuna ku biyar ne, ƙaramar mota mutum huɗu take ɗauka, kuma a nan ba a yin irin namu na ɗora yaro a cinya a ce ba a ƙirga shi ba, sai ku nemi babba. Abin da nake roƙonki ki fara koya wa yaran tun daga Birnin Kebbi shi ne ƙetare titi. A nan hannun hagu ake tuƙi, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972, saboda haka motar da za ta fara iso ki daga dama take fitowa, alhali idon ɗan gida ya saba da fara duba hagu. Luas da kekuna kuma ba su da ƙara.

Batun kaya kuma, kalmar zafi kada ta yaudare ki. Zafin Agusta a nan bai cika wuce digiri 20 ba, da safe kuma yakan yi ƙasa da 15, wato irin safiyar hunturu a bakin Matan Fada, sai dai da danshi a iska maimakon ƙura. Ruwan ba irin namu ba ne mai hadari da tsawa wanda zai zuba ya ɗauke. Yayyafi ne da zai zo ya tafi sau huɗu kafin la'asar, rana tana leƙowa a tsakani. Kowane yaro ya samu rigar sanyi marar nauyi da rigar ruwa mai hula da takalmi rufaffe. Laima ba ta da amfani sosai, iska ce take juya ta.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. A farkon Agusta azahar tana shiga wajen ɗaya da rabi, la'asar wajen biyar da rabi, magariba kuwa sai bayan ƙarfe tara, lokacin kun riga kun koma gida. Alƙibla a nan gabas ce mai karkata kudu, ba kamar gida ba inda muke ɗan karkata arewa. Ni da iyalina mun sha shimfiɗa darduma a kan ciyawa a gefe cikin gandun, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. In kuma kuna son masallaci, akwai babba a titin South Circular, wanda dā coci ne, Musulmi suka saye shi a 1983, yana da ɓangaren mata, kuma unguwar tana da shagunan halal.

Malam Na-Gwandu, malamin Larabci

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin ɗan'uwa Baban Yusra, kuma ba ni da ja a kan hanya da sufuri, domin shi ne ɗan gari, ni sau ɗaya na je, kwana biyar na yi a wani taron ilimi. Inda na saɓa da shi shi ne a ce a ba gidan zu mafi kyawun sa'o'in yinin. 'Yar'uwa, za ku ɗauki yara daga Kebbi, ku biya kuɗin jirgi na mutum huɗu, ku ƙetare hamada da teku, sannan ku biya wasu kuɗin domin a nuna musu dorina da raƙumin dawa? Dorina tana nan a kogin Kwara wajen Yawuri, raƙuman dawa kuma suna yawo sake a Kure, kan hanyar Dosso zuwa Yamai, ba shinge ba gilashi. Abin da ya kamata yaro ya gani a ƙasar nesa shi ne abin da ba zai samu a kusa ba.

Kin sa tsohuwar fadar Dablin a jerinki, kuma kin yi daidai, ko da yake ba don dalilin da kike zato ba. Ita fadar an fara gina ta a 1204, kuma daga cikinta Ingila ta mulki Ayilan har zuwa 1922, lokacin da aka miƙa ta ga sabuwar gwamnatin 'yan ƙasa. Wannan ma darasi ne ga Khalil, ya san cewa Turawan da suka ci Sakkwato a 1903 sun daɗe suna mulkin wasu Turawan 'yan'uwansu. Amma abin da nake nufi yana bayan fadar, a cikin harabarta: gidan adana littattafai na Chester Beatty. Mutumin haifaffen Amurka ne, ya yi arziki da haƙar ma'adinai, ya kashe dukiya mai yawa wajen sayen tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya koma Dablin da zama a 1950, da ya rasu a 1968 kuma ya bar wa al'ummar ƙasar abin da ya tara. Shiga kyauta ce. A cikin tarin akwai Alƙur'anai rubutun hannu fiye da 260, wasu cikakku wasu ɓangarori, daga ƙasashen Musulmi dabam-dabam.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Ali ɗan Hilal, wanda aka fi sani da Ibn al-Bawwab, wato ɗan mai tsaron ƙofa, ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, daidai da 1000 zuwa 1001 na Miladiyya. Shi ne kaɗai Alƙur'anin da ya rage na hannun wannan gwanin marubuci. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai kai taƙi guda na babban mutum ba, a kan takarda aka rubuta shi ba fata ba, da rubutu mai lanƙwasa wanda ɗalibin islamiyya na yau zai iya karantawa, ba irin Kufi mai kusurwa na waɗanda suka gabace shi ba. Ki lissafa, an gama rubuta shi shekara ɗari takwas kafin jihadin Shehu. Sai dai in gaya miki gaskiya, sauya littattafan da ke cikin gilashi ake yi saboda haske yana cin tawada, don haka ba kullum ake samunsa a waje ba. Ranar da na je wasu na tarar, na zamanin sarakunan Mamluk na Masar, manya-manya masu ruwan zinare. Na tsaya gaban wani shafi na soma karantawa a hankali, sai na ji wani yaro Bafakistane a gefena ya ɗauki ayar ya ƙarasa. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Yaro kamar Khalil, wanda na tabbata ya yi nisa a allo, in ya karanta da bakinsa shafin da aka rubuta shekaru ɗari bakwai da suka wuce, abin zai zauna masa.

Domin ƙananan kuma, a ƙofar gidan akwai wani lambu mai zagaye, shimfiɗe da ciyawa, inda za su yi guje-guje. A wurin ne dā akwai wani baƙin tafki, Dubh Linn a harshen ƙasar, wanda daga sunansa aka samu sunan birnin. Lokacin da na je akwai kuma wurin cin abinci a ƙasan ginin mai dafa irin na Gabas ta Tsakiya, shinkafa da kaza da makamantansu. Ku dai duba shafinsu kafin ranar, domin gwamnati tana amfani da fadar wajen manyan tarurruka, a can ake rantsar da shugaban ƙasa, kuma a irin waɗannan lokuta akan rufe harabar. Ranar Lahadi ma sai tsakar rana suke buɗewa.

Game da salla, tunda tafiyarku daga garin zuwa Dablin ta kai sa'a ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, ta wuce baridi huɗu da malamanmu na Malikiyya suka iyakance, wato kimanin kilomita 80, don haka ƙasaru za ku yi a wannan yini, raka'a bibbiyu.

Hajiya Inna, Gusau

Salamu alaikum. Maman Khalil, ni bara na je wurin ɗiyata da ke karatu a can, tare da jikokina biyu, kuma mun yi irin yinin da kike shiryawa, shi ya sa zan faɗa miki abubuwan da maza ba sa lura da su. Malam, Allah ya gafarta maka, maganarka gaskiya ce, amma da gani kai kaɗai ka shiga wurin nan ba da ɗan shekara uku ba. Mu ma mun shiga. Babbar jikata ta ji daɗi ƙwarai, ƙaramin kuwa minti ashirin ya yi ya fara buga gilashi da tafin hannu, ɗakin ga shi shiru kamar ana jarrabawa, dole uwarsa ta fita da shi lambun. Saboda haka ku je, amma ku raba aiki: uba ya shiga da manyan biyu, ke ki zauna da auta a ciyawa, in sun fito ke ma ki shiga. Minti arba'in ya isa.

Abu na farko, tun kafin ki tashi daga gida: kada ki sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, kuma in an gani karɓewa ake yi. Ni na san zafin abin, domin kilishin da na yi oda musamman saboda ɗiyata a filin jirgi na bar shi. Ranar fitar kuma ki dafa abincinku tun da asuba, shinkafa da ƙwai ko soyayyen dankali da kaza, ki zuba a kula. Naman alade yana cikin abubuwa da yawa a can, musamman abincin karin kumallo da burodin da ake cusa wa nama, har ma akwai wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Alawar yara mai danƙo ma yawanci da sinadarin da ake samu daga fatar alade ake yin ta, sai an karanta bayan leda. In kuka sayi soyayyen kifi da dankali, wanda shi ne abin da yaranmu suka fi so, ki tambaya ko an sa giya a ƙullin da aka tsoma kifin, domin wasu suna sawa. Ba sa jin haushin tambaya, mutane ne masu son hira.

Sannan ki yi hattara da tsuntsayen teku, waɗansu farare manya kamar agwagwa. Shirwar Gusau ba ta kai su rashin kunya ba. Muna zaune a wani lambu a tsakiyar gari, jikana yana riƙe da kifinsa yana kallon agwagi a tafki, sai ɗaya ya sauko ta bayansa ya fizge kifin gaba ɗaya, har fiffikensa ya mari yaron a kunne. Kukan da ya yi sai da wata tsohuwa Baturiya ta taso daga bencinta ta zo tana ba shi haƙuri. In za ku ci abinci a fili, yara su zauna a tsakiya, abincin a rufe.

Banɗaki kuma yana da wuyar samu a kan titi, sai a gidajen tarihi da manyan kantuna da tashar jirgi, don haka duk inda kuka samu kowa ya shiga ko bai ji ba. Babu buta, ki riƙe ƙaramar gora a jaka. Wasu ƙofofin da harshen ƙasar aka rubuta su: Mná na mata ne, Fir na maza. Ni da na ga harafin F sai na ɗauka na mata ne kamar yadda aka saba gani a takardun asibiti, na tura ƙofa, Allah ya rufa asiri ba kowa a ciki. Ke kuma kanki, kada ki sa zani mai jan ƙasa ko babban hijabi marar nauyi, domin iskar kan gada tana cika shi kamar tanti, bakin zanin kuma ya jiƙe tun safe ki yini da shi. Ki rubuta lambar wayar mahaifinsu a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu.

Akwai wuri ɗaya da ba ya jerinki wanda ya fi kowane tsaya mini a rai. A bakin kogin, gabas da tsakiyar gari, an kafa gumakan tagulla na waɗansu mutane dogaye ramammu cikin tsumma, ɗaya yana saɓe da yaro a kafaɗa, wani ƙanjamammen kare yana bin su. Na tunawa ne da babbar yunwar da aka yi daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali, wanda shi ne abincin talaka, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka tsere a jiragen ruwa, kuma har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba. Jikata ta tambaye ni, wai Hajiya, Turawa ma suna yin gudun hijira? Na ce mata ga shi kuwa kina gani. Mu da muke Zamfara muna ganin mata da yara a bakin titi da ƙullin kaya, ba sai an yi mana fassarar waɗannan fuskokin ba. Dankalin Turawan nan da 'yan kasuwarmu suke kira Airish, sunan mutanen ƙasar ne yake ɗauke da shi.

Maman Khalil, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, kin cece ni, domin har na riga na ba da kuɗin kilishi, yanzu sai a ci shi a gida. Na karanta wa Khalil maganar Malam, ya yi shiru, sannan ya ce yana son ganin Alƙur'anin, amma ƙanwarsa ta ce ita in ba zu to a bar ta a Birnin Kebbi wurin kakarta. Mahaifinsu ya ce Talata ce ranar da ya samu. Baban Yusra, shin zai yiwu a haɗa zu da wurin da Malam ya faɗa a yini ɗaya ba tare da an wahalar da auta ba? Tekun kuma fa, mu haƙura da shi ke nan?

Baban Yusra, ɗan Argungu mazaunin Dablin

Zai yiwu, domin biyu ba takwas ba ne. Kafin in faɗi yadda za a yi, Allah ya gafarta Malam, giwayen da ke zu ɗin nan na Asiya ne masu ƙananan kunnuwa, zakunan ma na Indiya ne, ga fengwin da zakin teku, waɗanda ba na jin ana samunsu a Yawuri. Amma na karɓi gyara, domin shekarata tara a nan sau ɗaya na shiga wurin littattafan, kuma ban taɓa kai Yusra ba.

Ku shiga zu da ƙarfe goma, ku ci abincinku a ciki, ku fito da ɗaya da rabi ko da yara suna roƙon a ƙara, ku yi azahar a gandun. Daga nan ku koma Heuston ku hau Luas mai shiga gari, ku sauka a Jervis, ku ƙetare kogin a ƙafa ta gadar Ha'penny, wata farar gadar ƙarfe ta 1816 wadda dā sai an biya rabin kobon Ingila ake hawa. Kafin ku hau gadar za ku iya leƙa allurar. Bayan gadar unguwar mashaya ce, ku wuce ta kai tsaye, minti goma zai kai ku fadar, wajen ƙarfe uku, lokacin auta ya yi barci a kekensa, wanda hakan zai rage matsalar da Hajiya ta faɗa. Ku fito kafin biyar, ku ɗauki babbar tasi zuwa masallaci ku yi la'asar, ku sayi abin da za ku ci a jirgi a shagunan unguwar, sannan wata tasin ta kai ku Heuston kafin shida da rabi, domin yamma akwai cunkoso a bakin kogi. Gumakan da Hajiya ta ambata suna can gabas, ba kan hanyarku ba, sai dai in ruwa ya kore ku daga zu da wuri.

Tekun kuwa, ku nemi kujerar taga a jirgin sama, za su gan shi shimfiɗe kafin ku sauka, tunda birnin a bakinsa yake. Ranar komawa gida kuma dole ta Dablin za ku bi, kuma Howth ba ta da nisa da filin jirgi. In tashinku na yamma ne, maigida ya fito da ku da sassafe, ku yi sa'a biyu a bakin ruwa kafin ku wuce.